Magudanar ruwan Rumawa a tsakar gidanmu: yadda aikin hutu ke tafiya

Asabar, 26 ga Yuli

An ba yara dogon hutu, mu kuma mun tsai da aikin bana: za mu gina ƙaramar magudanar ruwa irin ta Rumawan da, wadda ruwa zai bi da ƙafarsa, ba inji ba famfo. Za ta taso daga durom ɗin da ke tare ruwan indararo a bayan kicin, ta bi kan dakalin da ke jikin katanga, ta tsallake kwatar tsakar gida a kan gada mai baka uku, wato ƙofofi uku masu siffar rabin da'ira, ta zube a gindin gwaiba. Tsawonta mita 6. Ma'aikata su ne Yaya mai shekara 12, ƙaninta mai 9, sai Auta da ba ta kai shiga firamare ba.

Tun ina sakandare tarihin Rum ya shiga raina, yaran nan kuwa sun tashi suna jin labarinsa idan aka ɗauke wuta da dare. Hoton gadar Pont du Gard ta kudancin Faransa na nuna musu a waya, hawa uku, tsayinta ya kusa mita 49, nan take suka ce ita suke so. Na ce to, amma su sani gada ɗan yanki ce kawai a cikin aikin. Magudanar farko ta birnin Rum, Aqua Appia, wadda Appius Claudius ya sa aka gina a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsawonta ya ɗan haura kilomita 16, kuma kusan dukkanta a ƙarƙashin ƙasa take. Wanda ya tsaya a kanta ba zai ga komai ba.

Mun yi da Maman yara kuɗin aikin kada ya wuce ₦25,000.

Litinin, 28 ga Yuli

Sayayya bayan na tashi daga aiki. Farin tiyo siriri mita 8, ₦3,200. Igiya, ƙusa da fensir, ₦1,000. Na kai wa kafinta zane: ƙananan akwatunan buga tubali, da katako mai siffar rabin da'ira wanda za a ɗora baka a kansa. Mun daidaita a ₦4,500.

Laraba, 30 ga Yuli

Yau awon gangara, kuma a ganina nan ne zuciyar aikin take. Na ba Yaya lissafi kafin mu fita. Magudanar da ta bi ta kan Pont du Gard ta ɗauko ruwa daga wani marmaro kusa da Uzès zuwa birnin Nîmes, tafiyar kilomita 50 ko kusa da haka, amma bambancin tsayi tsakanin mafari da ƙarshe mita 12.6 ne kacal. Ta raba, ta samu santimita 25 a kowace kilomita. Na ce to a mita 6 namu fa? Ta yi shiru tana rubutu, can ta ɗago ta ce, "Baba, milimita ɗaya da rabi. Anya kuwa?" Ta sake bugawa, amsa ba ta canja ba. Bai kai kaurin tsinken ashana ba, daga durom har gwaiba.

Ba za mu iya wannan ba, don haka muka zaɓi santimita 1 a kowace mita, jimilla santimita 6. Gangararmu ta ninka ta Rumawa sau 40.

Kayan awonsu babba wani dogon teburi ne na katako, ƙafa 20, da igiyoyi masu nauyi a rataye a gefe. Masanin gininsu Vitruvius ya bayyana cewa idan iska ta hana igiyoyin tsayawa, akwai kwarmi a saman teburin da ake cika wa ruwa, a duba ko ya taɓa baki daidai ta ko'ina. Namu ya fi nasu sauƙi: tiyo cike da ruwa, yadda magina ke yi a nan. Ƙanin Yaya ya riƙe baki ɗaya a jikin durom, Yaya ta riƙe ɗayan tana matsawa mita-mita, ni ina saka alama a katanga. Da farko alamomin sun ƙi jeruwa. Ashe kumfar iska ce ta maƙale a tsakiyar tiyon. Sai da muka zazzage shi, muka sake cikawa a hankali daga bokiti, muka ɗiga masa ruwan zoɓo don a riƙa ganin kan ruwan sosai. Wannan dabarar ta Maman yara ce. Daga nan awo ya tafi daidai har aka kira magariba.

Asabar, 2 ga Agusta

Yaron baro ya kawo laka daga bakin rafi, ₦1,000. Mun kwaɓa da yankakkiyar ciyawa mun buga tubalan ginshiƙai da na baka. Kowace baka faɗinta santimita 30, tubali 9, kowanne kansa ya fi gindinsa faɗi. Dole adadin ya zama mara, don a samu guda ɗaya a tsakiya da zai kulle sauran. Auta ce mai jera su a kan kwano a rana.

Lahadi, 3 ga Agusta

Ruwa ya sauko da tsakar dare da iska mai ƙarfi. Mun rufe tubalan da leda tun da yamma mun danne da duwatsu, amma iska ta yaye gefe ɗaya, ruwan da ke sauka daga rufin makwabta kuma ya bugi katanga ya fantsamo kansu kai tsaye. Da asuba na haska fitila na tarar fiye da rabi sun narke sun koma tulin laka. Waɗanda suka tsira gefunansu sun zagwanye, tubalin baka kuwa gefensa shi ne amfaninsa, in ya lalace ba zai zauna da ɗan'uwansa ba.

Ƙanin Yaya ya yi kuka sosai, don shi ya fi kowa wahala wajen kwaɓi. Na bar shi ya huce, sannan muka zauna shawara. Damina ce, tubalin laka ba zai bushe ba a Zariya cikin Agusta, gada kuma a kan kwata za ta zauna. Na kawo shawarar siminti. Yaya ta ce ai wannan ha'inci ne, Rumawa ba su da simintin buhu. Na ji daɗin gardamar. Abin da na ce mata shi ne su ma da abin da ke kusa da su suke gini: dutsen Pont du Gard a nan kusa da kogin aka fasa shi, magudanar Segovia ta Sifen kuma da dutsen yankin aka jera ta, baka 167, ba a sa kwaɓi ko kaɗan tsakanin duwatsun ba. Muka yi sulhu a kan haka: tubalan za su zama na siminti a madadin dutse, amma ba za mu manne na baka da komai ba, nauyinsu ne zai riƙe su. Shafen cikin magudana kuwa sai irin na Rumawa zalla.

Litinin, 4 ga Agusta

Siminti rabin buhu ₦5,500, yashi ₦2,000. An sake buga tubali, wannan karon a cikin zaure.

Laraba, 6 ga Agusta

Ban ruwa ga tubali safe da yamma. Ba wani abu.

Asabar, 9 ga Agusta

Mun kafa ginshiƙai biyu, muka saka katakon kafinta a tsakaninsu a kan 'yan tsinkayen itace da za a zare daga baya. Yaya ta jera tubali huɗu ta dama, ƙaninta huɗu ta hagu, Auta ta saka na tsakiya ina riƙe da hannunta. Na zare tsinkayen, katako ya sauka, baka ta tsaya ita kaɗai. Yaran suka yi ta ihu. Yaron ya ɗora hannu a sama ya ɗan danna don ya gwada ƙarfinta, sai ginshiƙin hagu ya karkata waje, komai ya zube cikin kwata. Tubali biyu sun fashe.

Makwabcinmu tsohon magini ne, ya haura saba'in, ya jiyo hayaniya ya leƙo. Ya tsuguna ya duba ginshiƙin ya ce, "Malam, baka ba ƙasa kaɗai take dannawa ba, gefe take turawa. Ka ba ta abin da za ta jingina." Haka ne kuwa. A gada mai baka da yawa kowacce tana tokare 'yar'uwarta, na ƙarshe biyu kuma suna tokare da tudu ko gini mai nauyi. Baka ɗaya a kan siraran ginshiƙai ba ta da mai tare mata. Ke nan sai an tayar da ukun tare, sai kuma an yi katako uku maimakon ɗaya.

Baba magini ya zauna muka yi hira mai daɗi. Ya ce wa yaran bakan da ke cikin tsofaffin soraye na birni ba haka ake yin ta ba: azara ake jerawa hawa-hawa, kowane jeri ya ɗan zarce na ƙasansa, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗe a sama. Ba a buƙatar katakon tallafi a ƙasa. Ya kawo musu labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Na daɗe ina karanta ginin Rumawa, amma yau ne na fara ganin bambancin hanyoyin biyu ƙarara: tamu ta dogara da ƙarfin itacen giginya, tasu da nauyin dutse.

Talata, 12 ga Agusta

Auta na fama da zazzaɓi, an kai ta asibiti an ba ta magani. Aiki ya tsaya. Na yanka sauran katako biyu da kaina da dare daga ragowar da kafinta ya ba mu.

Asabar, 16 ga Agusta

Alhamdulillahi, Auta ta warware, gada kuma ta tsaya. Mun gina kafaɗa mai kauri a kowane gefe, ɗaya a jikin dakali, ɗaya a jikin tudun gwaiba. Muka jera baka ukun a lokaci guda, muka cike kusurwoyin da ke tsakaninsu da tsakuwa da kwaɓi, sannan muka zare katakon tsakiya, sa'an nan na gefe. Na ɗora bokiti cike da ruwa a kai, ko motsi ba ta yi ba.

Da yamma ragowar yashi ya ba mu wani wasa. Na ce Yaya ta haƙa rami ta gabas, ƙaninta ta yamma, su haɗu a tsakiyar tulin ba tare da sun leƙa aikin juna ba. Hannu ya shige har kafaɗa ba su haɗu ba, kowa ya wuce ɗan'uwansa. Sai na ba su labarin Nonius Datus, mai awon ƙasa na rundunar sojan Rum a Arewacin Afirka. Wajen shekara ta 150 miladiyya mutanen Saldae, wato Bejaya ta Aljeriya a yau, suna haƙa hanyar ruwa ta cikin dutse daga ɓangarori biyu. Shi ya yi musu awo ya tafi. Bayan tafiyarsa kowane ɓangare ya karkace, har abin da suka haƙa ya fi faɗin dutsen tsawo ba su gamu ba. Aka aika ya dawo. A hanya 'yan fashi suka tare shi, suka yi masa rauni suka tuɓe shi, duk da haka ya isa, ya sake awo, ya haɗe ramukan, ruwa ya shiga gari. Shi da kansa ya sa aka sassaƙa labarin a dutse, an kuma gano dutsen a Lambaesis, tsohon sansanin sojan Rum a Aljeriya ta yau. Yaron ya sa na maimaita wurin 'yan fashin. Yaya ita tambayarta daban: da me ya gane inda suka karkace alhali yana cikin duhun rami? Mun ajiye wannan sai mun gwada da igiya da turaku.

Talata, 19 ga Agusta

Shafen da Rumawa ke yi wa cikin magudana don kada ta yi yoyo haɗi ne na farar ƙasa ƙonanniya da garin fasasshen kasko ko jan bulo. A Italiya suna da tokar dutse mai aman wuta daga wajen Pozzuoli, inda ba ta kuma garin gasasshen yumɓu na yin kusan aikinta. Yara sun tara tsingaro daga fasassun tukwane da tuluna na unguwa, muka daka a tsohon turmi, muka tankaɗe. Rariyar kicin ce ta yi aikin, ta kuma yage, sabuwa ₦1,500.

Na sayo farar ƙasa a kasuwa, ₦1,500, muka yi gwaji a kan bulo ɗaya.

Alhamis, 21 ga Agusta

Gwajin bai yi ba. Shafen ya bushe fes, amma da Yaya ta zuba masa ruwa sai ya narke ya bi yatsa. Farar ƙasar kasuwa ta shafen bango ce, ba a ƙona ta ba, ba ta da kaifin da zai kama garin kasko. Wadda ake buƙata ita ce ta dutsen da aka gasa a wuta mai tsanani sannan aka jiƙa.

Baba magini ne ya sake fid da mu. Ya ce in je wurin masu walda da gas, in roƙi farin dagwalon da suke zubarwa bayan kabaid ya gama aiki. Na duba, gaskiyarsa: idan kabaid ya haɗu da ruwa ya fid da gas, abin da ya rage jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ce irin wadda muke nema. Na samo rabin bokiti, na ba yaran shagon ₦500, kuɗin keke ₦700. Tana da wari kamar na tafarnuwa, don haka na bar ta a buɗe a bayan gida, nesa da wuta, ina juyawa. Tana cin fata, idan ta shiga ido kuma haɗari ne babba. Safar hannu da tabarau ₦2,500, kuma ni kaɗai zan kwaɓa, yara daga nesa.

Asabar, 23 ga Agusta

Mun gina kwarmin magudana daga durom zuwa gwaiba, faɗi santimita 6, muna bin alamomin katanga. Shafe: awo ɗaya na farar ƙasa, biyu na garin kasko. Launinsa ja-ja ne mai kyau. A kusurwoyin ƙasa mun yi ɗan dunƙule mai tsawo kamar yadda suke yi, don nan ne yoyo ke farawa. Na goge da bayan cokali har ya yi santsi. Wannan haɗin ba ya son gaggawa, sai a rufe da jiƙaƙƙen buhu a bar shi ya kama a hankali.

Asabar, 30 ga Agusta

Ana jira. Farce ba ya shiga shafen yanzu. Yaron na jiƙa buhu kullum kafin ya tafi Islamiyya.

Asabar, 6 ga Satumba

Mun saki ruwa. Yaya ta buɗe kan durom kaɗan, Auta ta jefa ganyen gwaiba tana bin sa da gudu. A kan dakali ruwa ya tafi sumul, ba yoyo ko ɗigo, shafen ya riƙe. Da ya hau gada sai ya tsaya. Ya taru a kan baka ta tsakiya, ya cika kwarmin, ya fara malala ta gefe, kaɗan ne ya ƙarasa gwaiba.

Muka ɗauko tiyo muka sake awo. Ginshiƙi na biyu ya nutse da milimita 8. Yana zaune ne daf da bakin kwata, ruwan wanke-wanke da na sama sun tausasa ƙasar da ke ƙarƙashinsa. A ido ba a ganin komai, gadar tana nan kyakkyawa, bakunan ma ba su buɗe ba, amma a wannan taƙin gangara ta juya baya. Yaya ta ce in milimita 8 ta tsai da mu a mita 6, yaya suka yi da kilomita 50? Amsar da nake da ita ita ce sun kafa ginshiƙan Pont du Gard a kan dutsen da ke ƙarƙashin kogin, kuma sun daɗe suna yi wa magudanar gyara.

Gyaranmu: na mayar da katakon tallafi ƙarƙashin baka biyu, na haƙe gefen ginshiƙin, na cusa tsakuwa da kankare a ƙarƙashinsa da kewayensa, na kuma yi wa kwatar baki don ruwa ya daina taɓa shi. Ɗaga ginshiƙin zai rusa gada, don haka sai muka ƙara kaurin shafe a inda ya lotsa. Siminti da tsakuwa ₦2,300.

Talata, 9 ga Satumba

Na dawo aiki na tarar da ƙara. Yaya ta gano wani ɗan rami a gefen magudana a kan dakali, an cusa masa bututun biro, ƙarshensa na kallon gyaɗar da ƙaninta ya shuka a gwangwani. Ya amsa shi ne, da ƙusa ya huda. Hujjarsa ita ce gwaiba babba ce, ba ta buƙatar ruwan duka.

Na zaunar da su na ba su labarin Frontinus, wanda Sarki Nerva ya naɗa shugaban ruwan birnin Rum a shekara ta 97 miladiyya. Mutumin ya taɓa yin gwamnan Birtaniya, amma da aka ba shi ruwa sai ya bi magudanan ɗaya bayan ɗaya yana auna abin da ke shiga da abin da ke isa gari, ya ga lissafi ba ya haɗuwa. Ya gano manoma na huda magudana a hanya, a cikin gari kuma ma'aikatan ruwan da kansu na saka bututan ɓoye suna sayarwa. Mai izini ana saka masa bakin bututu na tagulla mai hatimi da awo sananne, don tagulla ba ta buɗuwa da sauƙi kamar dalma. Ya kuma rubuta cewa masu kula da magudanan ƙungiya biyu ce ta bayi, ɗaya mutum 240 da Agrippa, na hannun daman Sarki Augustus, ya bari, ɗaya 460 da Sarki Claudius ya kafa. Na tsaya a kan wannan da gangan, don ina so su san cewa ruwan da ya wadaci birnin a wuyan bayi yake.

Hukunci: yaron zai toshe ramin da hannunsa, da safar hannu ina tsaye. Buƙatarsa kuma gaskiya ce, don haka gyaɗa za ta samu rabonta ta hanyar da kowa ya sani.

Asabar, 13 ga Satumba

Gwaji na biyu. Ruwa ya tashi daga durom ya haye gada ya zube a gindin gwaiba, ba tsayawa ba malala. Maman yara ta kira Baba magini ya gani, ya sa albarka.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau ₦26,200, mun haura da ₦1,200.

Matsalar da ta rage ita ce datti. Ruwan indararo na zuwa da ƙura da ɓarɓashin ganye, har sun fara kwanciya a ƙasan kwarmin. Rumawa na gina tafki a hanya inda ruwa ke lafawa laka ta kwanta kafin ya wuce, kuma suna rufe magudana da faffaɗan dutse. Za mu saka tsohuwar roba mai zurfi a bakin durom, mu rufe kwarmin da gutsattsarin tayil.

Jibi Litinin za a koma makaranta, aiki ya koma na Asabar kawai. Bayan tafkin lafawa sai wurin rabon ruwa a ƙarshe. Na Nîmes yana nan har yau, zagayayyen tafki mai ƙofofin bututu 10. Namu uku za mu yi: gwaiba, gyaɗa, da kaskon kaji. Yaya kuma ta karanta cewa a Lyon, inda kwari ya yi zurfin da gada ba za ta yiwu ba, sun saukar da ruwa cikin bututan dalma ya gangara ya sake hawa ɗaya gefen da ƙarfin kansa. Tana so mu gwada da ragowar tiyo a ƙarƙashin ƙofar kicin. Na ce ta fara kawo mini lissafin santimita nawa bakin fita zai yi ƙasa da bakin shiga, sannan mu tambayi Mamansu izinin haƙa wurin.